'Yata ta nace sai ta zama likitar ƙashi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. 'Yata tana aji biyu a babbar sakandare a nan Kumasi, ta nace sai ta zama likitar ƙashi. Dangi suna cewa aikin maza ne, wai ma ai mai ɗori yana yi. Mene ne aikin, kuma shekara nawa ake karatunsa? Daga wata uwa a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yarinya albarka.

Karaya ce ta fi kawo mana mutane, musamman ta hatsarin babur da pragya, wato babur mai ƙafa uku. Wanda ya taɓa kwana a sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye ya san haka. Amma aikin ya wuce nan. Mu ne ke duba jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe, a riƙa sauya masa filasta mako-mako har ƙafar ta miƙe. Mu ne ke kula da mai sikila da kan ƙashin cinyarsa ya mutu, da yaron da ƙashinsa ke fitar da mugunya, da tsohuwar da gwiwa ta hana ta sujada. Kuma ba kowa ake shiga da shi tiyata ba.

Ba na raina masu ɗori, sun daɗe suna taimakon jama'a. Sai dai akwai abin da ido da hannu ba sa gani sai hoto. Idan aka ɗaure hannun yaro tam da kara alhali yana kumbura, jini yakan daina gudu. Yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, cikin sa'o'i kaɗan nama ya mutu, wani lokaci sai yankewa. Wannan na ci mini rai ƙwarai, domin abu ne da ake iya kaucewa. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa, wankewa take bukata a ɗakin tiyata ba tare da jinkiri ba.

Hanyar karatun tana da tsawo. Sai ta ci WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare, da kyau a fannin kimiyya, sannan shekara 6 a makarantar likitanci, kamar ta jami'ar KNUST da ke nan Kumasi ko ta Jami'ar Gana da ke Korle Bu. Daga nan shekara 2 na aikin horo a ƙarƙashin manya. Bayan haka ta ci jarrabawar shiga Kwalejin Likitoci ta Gana, wadda aka kafa a 2003, ko ta Afirka ta Yamma, ta yi kamar shekara 3 ta zama ƙwararriya, da wasu 2 ko fiye kafin matakin ƙarshe. Ki ƙiyasta shekara 13 zuwa sama, amma tun daga aikin horo tana karɓar albashi.

Batun ƙarfi kuwa, ki kwantar da hankalinki. Injin huda da zarton tiyata ne ke aikin ƙarfin, dabara da juriyar tsayuwa ake nema, kuma mata suna yi. Yanzu dai ta dage da kemistiri da lissafi, domin gurbin likitanci yana da wuyar samu.