Tsarabar da ba a so: tambayoyinku kan korona bayan tafiya

Likita, kwana uku da dawowata daga Umara sai zazzaɓi da tari da ciwon maƙogwaro suka kwantar da ni. Na sha maganin maleriya, babu sauƙi. Shin korona ba ta wuce ba ne? (Wani Alhaji daga Agege)

Alhaji, barka da dawowa, Allah Ya karɓi ibada, Ya ƙara lafiya. Korona tana nan. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a watan Mayu na 2023 shi ne cire ta daga matakin gaggawa, amma ƙwayar ba ta daina yawo ba. Mu ma a Legas ta jirgi ta fara iso mana, a jikin wani ɗan Italiya da aka tabbatar da ita ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Cunkoson Harami da zaman jirgi kafaɗa da kafaɗa sun isa a ɗauka, kuma alamunta kan fito tsakanin kwana 2 zuwa 14.

Ka je a yi maka gwaji biyu, na maleriya da na korona, don mutum kan iya haɗa su. Kada ka manta ka gaya wa likita daga Saudiyya kake. Akwai wata 'yar uwar korona mai suna MERS da ake ɗauka daga raƙuma a can. Ba a cika samun ta ba, amma idan ka kusanci raƙumi ko ka sha ɗanyen nononsa, faɗi. Masu zuwa barka da sauka kuma a ba su haƙuri tukuna.

*

Likita, maigidana ya dawo daga saro kaya a Guangzhou, gwaji ya nuna korona ce. Ciki da falo muke, ina goyo, ga surukata mai ciwon suga tare da mu. Yaya zan yi? (Wata uwargida daga Idi-Araba)

Hajiya, sannu da ɗawainiya. A gidan nan surukarki ce abin ji, fiye da maigidan ma. Tsufa da suga da hawan jini su ne suke sa cutar ta yi tsanani. Idan akwai ɗan uwa da zai karɓe ta na mako guda, a kai ta. In babu, maigida ya zauna a ƙuryar ɗaki, a buɗe tagogi, ya sa takunkumi duk lokacin da zai fito, a ware masa kofi da cokali. Ke kuma ki ci gaba da shayarwa, ki dai wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauki yaro.

Jinyar kanta ba ta da wuya: hutu, ruwa da yawa, kunu ko farfesu, da farasitamol ƙwaya biyu masu 500 duk bayan awa shida, kada a wuce ƙwaya takwas a yini. Zuma da lemun tsami a ruwan ɗumi suna sanyaya maƙogwaro, amma ba sa kashe ƙwayar. Abin da ke ɓata mini rai shi ne haɗin da ake karɓowa a kemis. Kafso irin su amoxicillin ba sa taɓa korona, dexamethasone kuwa na wanda ke kwance a asibiti da iskar oksijin ne. A gida suga kawai zai hauhawar masa.

Numfashinsa za ki sa wa ido, musamman a mako na biyu, lokacin da kowa ke ganin an warke. Idan ya kasa gama magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ƙirji na ciwo, ko ya fara rikicewa, ko 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna iskar oksijin a jini ta nuna 92 zuwa ƙasa, kada a jira gari ya waye. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, na nan kusa da ku. Haka kuma idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi: doguwar tafiyar jirgi da korona dukkansu suna iya sa jini ya daskare a jijiya.

*

Likita, wata ɗaya ke nan da warkewata bayan dawowa daga Dubai, amma har yanzu ba na jin ƙamshi, ga kasala. (Wani matashi daga Mile 12)

Malam, yawanci jin ƙamshi kan dawo da kansa cikin makonni, wasu sai watanni. Ka riƙa shinshinar kanumfari da ɓawon lemo safe da yamma, kuma ka koma ɗaukar kaya sannu a hankali. Idan abin ya kai wata uku, ko haki da bugun zuciya suka shigo, ka je asibiti a duba jini da ƙirji.