Ikon mai shago a Texas na hana shiga da bindiga

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan abincin Afirka a Houston ya aiko da tambaya cewa wani abokin ciniki ya sunkuya zai ɗauki buhun shinkafa, sai aka hango ƙaramar bindiga a ƙugunsa, matan da ke sayayya suka tsorata. Yana son sanin ko yana da ikon hana shiga da makami, kuma ko hanin zai taɓa cinikinsa.

Alhaji, kana da wannan iko. 'Yancin riƙe makami da kundin tsarin mulkin Amurka ya bayar yana taƙaita hannun gwamnati ne, bai tilasta wa mai shago ya karɓi kowa da abin da ya zo da shi ba. Sai dai a Texas rubutun da ka yi da alƙalami ka manna a ƙofa ba zai wadatar ba, domin doka ta raba masu ɗaukar bindiga gida uku. Sashe na 30.06 na dokar laifuka ya shafi mai lasisi da ya ɓoye bindigarsa, sashe na 30.07 ya shafi mai lasisin da ya rataye ta a fili, sannan tun 1 ga Satumba 2021, da aka halatta wa mafi yawan waɗanda suka kai shekara 21 ɗaukar bindiga ba tare da lasisi ba, ana buƙatar sanarwar sashe na 30.05 domin su. Kowane rukuni yana da nasa allon sanarwa, allon da ya hana ɗaya shiga bai hana sauran ba, kuma nan ne masu shaguna suka fi tuntuɓe. Dole allunan 30.06 da 30.07 su ɗauki kalmomin da doka ta tsara, da Turanci da Sifaniyanci, cikin launukan da suka bambanta sosai, da manyan haruffan da tsayinsu ya kai inci 1, a inda mai shigowa zai gani. Ka sayi bugaggu, kuɗinsu bai kai asarar rana ɗaya ba.

Wanda ya ƙetare allo tararsa ba ta wuce dala 200 ba, amma idan aka faɗa masa baki da baki ya fita ya ƙi, laifin yana iya kaiwa ɗaurin shekara ɗaya. Saboda haka ka koya wa yaran shago su faɗa sau ɗaya cikin ladabi, idan ya ƙi su kira 'yan sanda, ban da jayayya.

Ikonka yana da iyaka. Tun 2011 dokar ƙwadago ta jihar ta hana yawancin masu ɗaukar ma'aikata hana ma'aikaci ajiye bindigarsa a cikin motarsa kulle a wurin ajiye motoci. Idan kuma haya kake yi, ka karanta yarjejeniyarka kafin ka manna komai a bango, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka a rubuce.

Game da ciniki, akwai masu lasisin da ba sa shiga shagon da ya kafa allo, amma a ganina wanda masu sayensa iyalai ne da ke zuwa neman garin rogo, manja da busasshen kifi zai fi yin asara idan matan suka daina zuwa. Allon dai ba ya tsayar da ɗan fashi, don haka ka rage tsabar kuɗin da ke kwana a aljihun tebur, ka sa kyamara a ƙofa da wurin biyan kuɗi, sannan ka nuna wa lauya a jihar allunan kafin ka kafa su.