Amsa ga mai tambayar faifan DVD da mutane suka fito dogaye sirara bayan an juya shi

Wa'alaikumus salam Malam. Kace ka juya faifan bikin ƙaninka daga DVD zuwa MP4 dan a saka a waya da filasha, sai kowa ya fito dogo siriri, wani faifan kuma da ka juya ya fito da baƙi sama da ƙasa har da gefe. Toh ni tura fina-finai da editin bidiyon biki shine sana'ata, kuma wannan matsalar kusan kullum sai an shigo min da ita shago, in ka bi a hankali ba abu ne mai wuya ba.

Abinda yake rikita mutane shine lambar nan da kwamfuta take nuna maka, 720x576. Kusan kowane DVD na tsarin PAL, wanda shine muke amfani dashi a Najeriya, girmansa kenan, ko fim ɗin mai faɗi ne 16:9 ko irin na tsohuwar talabijin ne 4:3, duk a cikin 720x576 ɗin ake cusa shi. Na Amurka kuma, wato NTSC, 720x480 ne. Kaga kenan lambar ba ita bace siffar hoton. A cikin faifan akwai wata 'yar alama da take gaya wa na'urar DVD cewa in zaki nuna wannan ki buɗa shi ya zama 16:9, ko ki barshi a 4:3. Kamar tabarma ce da aka naɗe dan ta shiga but ɗin mota, sai an isa ake warware ta. Manhajar da ka juya da ita ta kwashi hoton a matse yadda yake, ta watsar da alamar, shine wayarka take nuna shi a matsen. Fim mai faɗi na PAL kamata yayi ya fito kamar 1024x576, na 4:3 kuma 768x576. A NTSC mai faɗi wajen 854x480 ne, na 4:3 kuma 640x480. Shi yasa faifan Amurka na 4:3 in an juya shi babu gyara mutane ƙiba suke yi, su gajarce, namu kuma ramewa suke.

Kafin ka sake juya komai ka buɗe fayil ɗin a manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfuta, ka nemi wajen da wani abu zagayayye ya fito, tayar mota ko agogon bango ko farantin abinci, ka tsayar a nan. Sai ka riƙa danna harafin A a kibod, zai dinga canza siffar, 4:3, 16:9 da sauransu. Inda tayar ta zama da'ira sosai ba kamar ƙwai ba, toh itace siffar gaskiya ta bidiyon. Kar ka auna da fuskar mutum, ido yana saurin sabawa, kuma wani daman haka Allah ya halicce shi da doguwar fuska. Akwai manhajar MediaInfo ma, kyauta ce, zata nuna maka girman fayil ɗin da siffar da aka rubuta masa ya nuna, in ka ga 5:4 a bidiyon da ka san da kyamarar zamani aka ɗauka toh ka kama ɓarawon.

In hoton bai yanke ba, matsewa kawai yayi, akwai gyaran da ba sai ka sake juya bidiyon ba. A manhajar MKVToolNix zaka iya canza faɗi da tsawon da za'a nuna ka sa 1024 da 576, ko in kana iya ffmpeg, manhajar da ake rubuta wa umarni, ka rubuta ffmpeg -i biki.mp4 -c copy -aspect 16:9 gyara.mp4 cikin ƙiftawar ido ya gama kuma kwaliti bai ragu ko kaɗan ba. Amma fa gaskiya ni bana sakar wa kwastoma irin wannan, saboda gyaran a jikin kwalin fayil ɗin yake ba a cikin hoton ba, VLC zai gane, amma ƙananan talabijin ɗin nan masu ramin filasha da wasu wayoyin basa kula alamar, mutum yaje gida ya saka ya ga amarya ta koma siririya ya dawo maka da faɗa. Wanda za'a rarraba wa dangi gara ka koma kan asalin faifan ka juya shi da siffar a gine a ciki.

Nace asalin faifan fa, ba MP4 ɗin da ka riga ka juya ba, duk juyi ɗaya hoto yana ƙara dusashewa. Kuma kar ka shiga folda VIDEO_TS ka ɗauko fayil ɗin VOB guda ɗaya ka jefa wa manhaja, ka bata foldar gaba ɗaya, domin bayanin siffar yana cikin ƙananan fayilolin IFO ɗin nan da mutane suke rainawa, kuma na sha ganin faifan da abinda ke cikin VOB da na IFO basu yi daidai ba, musamman wanda aka buga a shago da gaggawa. Ni manhajar juya bidiyo ta HandBrake nake so a wannan aikin. A shafin Dimensions akwai wajen Anamorphic, in ka barshi a Automatic zai riƙe 720x576 ya liƙa alamar, in ka sa None zai fitar da hoton da siffarsa ta gaskiya, wajen 720 a 404 ko 406, wanda kowace na'ura zata nuna daidai. In Format Factory kake dashi irin na yawancin shaguna shima yana yi, ka shiga saitin fitarwa ka rubuta girman da hannunka ka zaɓi siffar, kar ka bar masa ya zaɓa maka. Ka fara gwada minti ɗaya ka duba a wayar kafin ka bar kwamfuta tana nishi awa guda, ga wutar nan tamu.

Sai maganar baƙin, nan ne nake yawan samun saɓani da mutane. Ba kowane baƙi bane matsala. Yawancin fina-finan Indiya da manyan na Amurka an ɗauke su da faɗin 2.35:1 ko 2.39:1, sun fi talabijin ɗin 16:9 faɗi, dole a samu baƙi sama da ƙasa. Tsofaffin fina-finan Hausa na zamanin kaset da VCD kuma 4:3 ne, a talabijin ta bango dole su bar baƙi a hagu da dama. Mutum yace shi dai a cika masa sikirin, toh hanya biyu ce kawai, ko a ja hoton kowa ya lalace, ko a yanke, kan mutane ya tafi ko rubutun fassarar ƙasa ya ɓace. Ni wallahi gara baƙin. Minti biyar in labari yayi daɗi ka manta dashi.

Amma naka da yake da baƙi ta ko'ina huɗu, wannan daban ne. Wanda ya buga faifan ne ya ɗauki bidiyo mai faɗi ya saka shi a cikin 4:3, baƙin sama da ƙasa ya zama wani ɓangare na hoton, sai talabijin ɗinka ta ƙara nata a gefe. Wannan yankewa yake so. A PAL layi 72 ne a sama 72 a ƙasa, ya rage 432, a NTSC 60 da 60. HandBrake yana gano su da kansa, sai dai in masu bidiyon sun liƙa tambarinsu ko lambar wayarsu a kan baƙin, irin yadda suka saba, toh zai ɗauka hoto ne ya ƙi yankewa, sai ka saka lambobin da kanka. Ka sani dai hoton bazai kai na asalin mai faɗi kyau ba tunda layukan sun ragu tun daga wajen bugawa, in mai kyamarar yana da asalin fayil ɗin a ajiye gara kaje ka karɓo.

Wani lokacin ma faifan lafiyarsa ƙalau. Na'urar DVD tana da saitin nau'in talabijin a menu, 4:3 PS, 4:3 LB da 16:9, da yawa tun suna kwali a kan 4:3 suke, an haɗa su da talabijin mai faɗi da wayar nan mai kai uku babu wanda ya taɓa canzawa. Ka maida shi 16:9, sannan ka duba rimot ɗin talabijin ɗin ma ko yara sun danna Zoom.

In VCD ne, fayil ɗin DAT da ke folda MPEGAV, na PAL 352x288 ne, ka fitar dashi a 4:3, 384x288 ko 640x480, kar ka wahalar da kanka da 1080, nauyi kawai zai ƙara babu kyan da zai ƙaru. In kuma akasin haka zakayi, daga kyamara 1920x1080 zuwa faifai, a DVDStyler ko duk wacce kake bugawa da ita ka zaɓi PAL da 16:9 tun a farkon aikin, ita zata matse ta liƙa alamar. Wanda ɗan'uwansa yake Amurka kuma kar ya shiga rigimar maida PAL zuwa NTSC, firem 25 zuwa 29.97 motsi yana iya riƙa tsalle, ka tura masa MP4 shikenan, a WhatsApp ma a matsayin dokumen dan kar ya rage masa kwaliti.

Ka ɗauko hoton abinda MediaInfo ya nuna maka na faifan biyu ka turo nan, da sunan manhajar da ka juya da ita, sai in gaya maka lambobin da zaka saka.