Saba ta mutu, amma Solr na cewa tana aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da sabobi (kwamfutocin ajiye bayanai) uku masu SolrCloud, wato manhajar bincike ta Solr da ke aiki a kan sabobi da yawa tare, a wani ofishi a Birnin Kebbi. An ɗauke wuta, inbata ta gaza, saba ɗaya ta mutu, amma state.json, fayil ɗin da ke nuna halin kowane kwafin bayanai, na cewa "active", wato tana aiki. Da muka kunna ta kuma, bayananta ba su dawo ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka dogara da state.json shi kaɗai. Sabar da wuta ta yanke mata farat ɗaya ba ta samun damar sanar da mutuwarta, don haka rubutun ƙarshe da ta bari shi ne zai ci gaba da zama a wurin.

Inda gaskiya take shi ne /live_nodes, jerin sabobin da ke raye, a cikin ZooKeeper, manhajar da ke haɗa kan sabobin. Kowace saba tana ajiye sunanta a nan, kuma sunan yana rayuwa ne muddin tana gaisawa da ZooKeeper. Idan ta yi shiru har wa'adin zkClientTimeout ya cika, wanda yawanci daƙiƙa 30 ne, sai a goge sunan. Solr kansa ba ya ɗaukar kwafin bayanai a matsayin mai rai sai abu biyu sun haɗu: an rubuta "active", kuma sunan sabar yana /live_nodes. Ka kira umarnin CLUSTERSTATUS ta tashar 8983 ta Solr, zai nuna maka duka biyun.

Kashi na biyu, wato rashin dawowar bayanan, ya fi damuna. Ina kyautata zaton rauta, na'urar da ke raba adireshi a cikin hanyar sadarwa, ce ta ba sabar sabon adireshin IP bayan dawowar wuta. Solr yana haɗa sunan saba ne da adireshinta, misali 192.168.1.12:8983_solr. Idan 12 ta koma 15, sunan da ke /live_nodes ba zai dace da na state.json ba. Ka kafe mata adireshi ɗaya, ka sa shi a SOLR_HOST cikin fayil ɗin saiti na solr.in.sh, ka sake kunna ta. Idan kwafin ya ƙi tashi, ka cire shi da DELETEREPLICA, ka ƙara sabo da ADDREPLICA.

Don Allah kada ka gyara state.json da hannu. Aikin Overseer ne, wato ɓangaren Solr da ke rubuta fayil ɗin. Kuma idan ZooKeeper uku gare ka, ka raba su a kan inbata daban-daban, domin idan biyu suka mutu tare, babu rinjaye, kuma babu sabon bayanin da zai shiga.