Batun kai Ummi yaye gidan Hajiya

Wa alaikumus salam ɗiyata, na ga saƙonki tun daren jiya, hannun ne ba ya sauri a wayar nan. Kin ce uwar mijinki ta aiko a kai mata Ummi Katsina yaye ta yi wata guda, ke kuma ranki ya ƙi kwanciya, kina tambaya wai dole ne? Toh ba dole ba ne, addini ma abin da ya faɗa a Baƙara aya ta 233 shi ne shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, bai ce a raba ɗa da uwa ba.

Amma kar ki ɗauka mutanen da ba su san me suke yi ba. Sanda muka taso kaka a gida ɗaya take da mu ko bayan katanga, ita ke goya yaro in uwa na daka, ita ke ba shi kunu, balle ɗan fari da uwa ke kunya ko sunansa ba ta faɗa, ai wannan tun ran suna ɗan kaka ne. In an cire shi aka miƙa mata nono kawai ya rasa, bayan da ya saba kwanciya a kai yana nan. Ke fa kuna Abuja, Ummi sau nawa ta ga Hajiya, daga sallah sai biki, rana ɗaya ta rasa nono ta rasa ke ta rasa ɗakin da ta sani ga baƙin fuskoki, wannan ai ba irin yayen da muka gada ba ne ko da sunan ɗaya ne.

Ni an yi min da ɗana na biyu, aka kai shi ƙauye kwana arba'in, aka aiko wai kwana uku ya yi kuka ya dangana. Da na je ɗauko shi wallahi juya min baya ya yi ya ɓuya a zanen kakarsa, ana ta dariya wai fushi yake, ni ko ɗaki na shiga na share hawaye. Sai da na shiga makarantar jinya na ji wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, ya bayyana abin tiryan-tiryan, yaro ƙarami in an raba shi da wanda ya shaƙu da shi kuka yake farawa, sai ya yi shiru ya yanke ƙauna, sai kuma ya yi kamar bai damu da uwar ba. Shirun nan muke cewa dangana. Kuma ba mu kaɗai ba ne, wata masaniyar halayyar yara, Mary Ainsworth, ta bi mijinta Yuganda a 1954, ta ji can ma ana kai yaro wurin kaka ya manta nono, ta tarar yawancinsu sun daina, ta zauna tana lura da uwaye da jarirai, ta ga wanda uwarsa ke saurin amsa kukansa shi ya fi sakin jiki ya yi wasansa, yana waiwayo ta yana komawa.

Yaro dai ba gilashi ba ne, nawa ya warware gashi da iyalinsa, amma wahalar da za a iya kauce mata me ya sa a ɗora?

Ki rage mata a hankali, ki fara janye na rana, na dare ya zama ƙarshe, kuma dan Allah banda shafa maɗaci ko barkono. Ki dage da abinci, kunun gyaɗa, ƙwai, wake, kifi, shekara biyun farko ƙwaƙwalwa ke girman da ba za ta sake irinsa ba, kuma a wajen yaye tamowa ta fi kama yara, yaron da ke cikin damuwa ko ci ba ya yi.

Hajiya kuma kar ki ce mata a'a da bakinki, ba tarbiyyarmu ba ce. Mijinki ya roƙe ta ta zo ta yi muku sati biyu ta yaye jikarta a gabanki, ko ku tafi tare ki kwana wani ɗakin ki wuni da ita. In ta ƙi ki gaya min, ni zan kira ta, mun san juna tun kafin a haife ku. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan kishiyar tawa.