Dadin Kowa: Yawan Jama'a da Batun Ambaliya

Tambaya: Malam, a Gombe nake zaune. An yi mini tayin fili mai sauƙin kuɗi a Dadin Kowa, kusa da kogi, amma mahaifina ya ce in dakata, wai ruwa na cin wurin. Mutum nawa ne a garin yanzu, kuma da gaske dam ɗin ne ke jawo ambaliya?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, maganarsa abin dubawa ce.

Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, kuma an fitar da sakamakonta jiha-jiha da ƙaramar hukuma, ba a kai ga gari-gari ba, don haka ba ni da tabbataccen adadin mutanen garin. Ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, wadda Dadin Kowa ke cikinta, ta tashi da mutum kusan dubu 255. Idan aka bi ƙaruwar kashi 3.2 cikin 100 a shekara, wadda aka saba lissafi da ita, jama'a kan ninka cikin shekara 22. Gari mai ruwa, mai noman rani da kamun kifi kuwa, baƙi ma ba sa daina sauka.

A nan ne batun jama'a ya haɗu da na ruwa. Kogin Gongola daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya bi ta Nafada, ya sauko Dadin Kowa, sannan ya wuce Kiri har ya faɗa Binuwai a Numan. Saboda haka ana iya wayar gari sama garau a Dadin Kowa, kogi na cika da ruwan da aka tafka can nesa kwanaki baya. Agusta da Satumba ne lokacin haɗari.

Dam ɗin da aka kammala a 1984 yana tare ruwa mai yawa, kuma a shekaru da dama ya rage ɓarna. Amma idan ya cika dole a buɗe ƙofofinsa don kada ya fashe, waɗanda ke ƙasa da shi su ke kwana a ciki. Ga yashi da laka da ke taruwa a cikinsa kowace damina suna rage masa ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: dam ya sa mutane sun saki jiki. A da mutane kan gina gida a tudu, su bar fadama ga shinkafa. Yau fili ya yi tsada, an gangara ana gini a inda ruwa ya saba kwanciya. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, arhar fili a bakin kogi ma haka take. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar nan, ta 2022 ta kashe fiye da 600, kuma mazauna bakin koguna ne suka fi ji a jika.

Kada ka biya ko sisi da rani. Ka je a Satumba ka taka filin da ƙafarka. Duba gindin katangar maƙwabta: in ka ga shatin ruwa ya kai gwiwa, ko yaɓe sabo a ƙasa tsoho a sama, ka sami amsarka. Daga nan ka gaida mai unguwa, ka tambaye shi inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022. In filin na cikin wannan iyakar, saye shi don shinkafa in kana so, amma kada ka kai iyalinka.