An ce a duba hanjina da kyamara, tsoro ya hana ni zuwa

Tambaya: Likita, shekaruna 48, kuma ciwon dajin hanji ne ajalin mahaifina. Wata uku ke nan da aka rubuta mini gwajin kolonoskofi amma na kasa zuwa. Ina tsoron zafi, ina jin kunya, ga fargabar abin da za a gano.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Bari in faɗa maka yadda abin yake, domin yawancin tsoron nan rashin sani ne ke kawo shi.

Za ka kwanta ta gefen hagu, a lulluɓe ka, a yi maka allurar da za ta sa jikinka ya saki, wani har barci yake yi. Sai a shigar da wata robar da ke lanƙwasawa ta dubura, kaurinta kamar yatsa, da kyamara da fitila a bakinta. Ana hura iska kaɗan don hanjin ya buɗe, ita ce ke sa kumburin ciki bayan an gama. Yawanci minti 30 zuwa 60 ne. Idan kana son namiji ya duba ka, ka nema tun wuri, ba laifi ba ne.

Wahalar gaskiya tana jajibirin ranar. Za ka bar abinci mai nauyi, ka sha maganin wanke ciki, ka yi ta zarya banɗaki. Don Allah ka shanye shi duka, domin in hanji bai wanku ba likita ba zai gani sosai ba, sai a sake.

Fargabarka ta uku ita ta fi damuna. Akasarin ciwon dajin babban hanji yana farawa ne da ɗan tsiron nama wanda ba ya ciwo, kuma yakan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe. In likita ya gan shi, nan take zai cire shi ba tare da ka ji yankan ba. Ka ga ke nan an tare cutar tun ba ta fara ba. A 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Wanda mahaifinsa ya yi cutar kuwa, ana so ya fara tun yana 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta a jikin mahaifin, duk wanda ya riga zuwa. Lokacinka ya riga ya yi.

Ba zan ɓoye maka ba, akan samu zubar jini ko hujewar hanji, amma da wuya ƙwarai. Akwai kuma gwajin bayan gida, sai dai mai tarihi irin naka kyamarar ce ta dace da shi.

Ka sanar da likita in kana shan maganin tsinka jini, na ciwon suga ko na ƙarin jini. Ka zo da wanda zai mayar da kai gida, domin ba za ka yi tuƙi ba ranar.